BA KOWANE CIWON IDO NE SAI HAƘURI BA



Tun muna yara muke jin manya suna cewa ciwon ido sai haƙuri. Ba mu zo mu ƙaryata magabata ba, gama akwai ciwon idon da kan yi kwana bakwai ya wuce don kansa. Amma akwai wani iri wanda in ka yi masa haƙuri, to, haƙurin nan shi zai kai ka ga sanda da ɗan jagora. A kansa za mu yi magana a wannan mako, kuma muna roƙon duk wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa na rumfa wanda bai iya ba.

Ga abin da ya ta da maganar. Kwanakin baya wata 'yar jam'iyyarmu, mai sayar da shinkafa da wake a bakin kasuwa, ta zo ofis da yamma bayan mutane sun watse. Da ta ɗaga mayafi ba mu gane ta ba sai da ta yi magana. Ta rame ƙwarai, hannunta yana rawa, zufa tana keto mata ga shi kuwa ana sanyi, idanunta sun firfito jawur, farin ido ya bayyana a saman baƙin kamar wadda ta ga abin tsoro. Muka ce, "Iya, lafiya?" Ta ce, "Malam akawu, ina lafiya? Masu ciniki sun gudu, an ce ni mayya ce. Wallahi ni ban ci ɗan kowa ba."

Shekara ɗaya da rabi tana cikin wannan hali. Wasu suka ce maita, wasu suka ce kishiya ce ta yi mata sammu, wasu suka ce kambun baka ne don ciniki ya buɗe mata. Jarinta ya ƙare wajen boka, da turare, da mai maganin mota mai lasifika, da kwalaben ɗigon ido na kemis. Maigidanta ya ce ta je gida ta huta, kun kuwa san ma'anar wannan hutu. 'Yan reshe suka yi karo-karo muka kai ta babban asibiti a birni. Likita ya dubi idon, ya taɓa wuyanta, ya riƙe hannunta ya ƙirga bugun jini, tun kafin a ɗebi jini ya faɗi sunan cutar. Sa'an nan ya ce idon hagu ya fara hakiya saboda ya daɗe ba ya rufuwa da dare, da ta zo bara da ba a kai ga haka ba.

Abin da likita ya gane cikin ɗan lokaci kaɗan, shi ne ya ci wa baiwar Allah nan jarinta da aurenta da mutuncinta. Rashin sani ya fi dare duhu. Saboda haka bari mu fara da sanin.

MECE CE WANNAN CUTA?

A gaban wuyan kowane ɗan Adam, ƙarƙashin maƙogwaro, akwai wata 'yar tsoka mai fiffike biyu, likitoci suna kiranta tayirod. Ita ce kan kumbura a ce mutum ya yi maƙoƙo. Aikinta kamar na ɗan zuga ne a maƙera. Tana zuba wani sinadari cikin jini wanda yake tsara yadda wutar jiki za ta ci. In ta zuga daidai, lafiya lau. In ta zuga fiye da kima, sai jiki ya kama ƙuna: mutum ya yi ta ci amma yana ramewa, zuciya ta yi ta bugawa da sauri, hannu ya yi rawa, zufa ta yawaita, barci ya ƙaurace, fushi ya zo kusa, mace kuma al'adarta ta rikice.

Me ke sa ta zuga fiye da kima? Cikin jini akwai masu gadin jiki, waɗanda aikinsu su kama ƙwayar cuta in ta shigo. Wani lokaci sai su ruɗe, su bar ɓarawo su juya kan masu gida. Talakan ƙasar nan ba sai an yi masa dogon bayani a kan mai gadin da ya juya kan wanda aka ce ya tsara ba. Su ne suke tsikarar tayirod ta yi ta aiki ba tsayawa. Wani likita na birnin Dublin ta ƙasar Ailan, Robert Graves, ya bayyana cutar a 1835, shi ya sa ake ce mata cutar Graves. Wani kuma a Jamus, Karl von Basedow, ya bayyana ta a 1840. Watau an kusa shekara 200 da saninta, amma a kasuwarmu har yau maita ake ce mata.

To, ina ruwan wuya da ido? Waɗannan ruɗaɗɗun masu gadi ba a wuya kaɗai suke tsayawa ba, sukan kai hari ga kitse da tsokokin da ke bayan ƙwayar ido. Gurbin ido kuwa ɗaki ne na ƙashi, ƙofarsa ɗaya ce, ta gaba. In kayan ciki suka kumbura ba su da wurin zuwa sai su turo ido waje. Fatar ido ta sama ta janye, ido ya ƙi rufuwa sosai, ya bushe, ya yi ja, ya yi ta hawaye, mutum ya ji kamar an zuba masa yashi. In tsokokin da ke juya ido suka sandare, sai ya riƙa ganin abu ɗaya biyu. Mafi muni, in kumburin ya matse jijiyar gani a can ƙuryar gurbin, gani ya fara dusashewa.

Cikin masu cutar Graves, kimanin mutum 1 cikin 3 ko 4 ne abin yake taɓa idonsa, kuma yawancinsu da sauƙi yake zuwa. Waɗanda yake kai wa ga haɗarin makanta ba su kai 5 cikin 100 ba. Ta fi kama mata nesa ba kusa ba, amma in ta kama namiji ko dattijo takan fi tsanani. Akwai kuma 'yan kaɗan da idonsu kan firfito alhali tayirod ɗinsu tana aiki daidai, ko ma ta yi sanyi. Ba a ɗaukarta wajen cin abinci, ko gaisawa, ko kallo. Wanda ya ci shinkafar Iya ba abin da zai same shi sai ƙoshi.

Kada kuma a haɗa ta da maƙoƙon da iyayenmu suka sani, wanda rashin aidin a abinci yake kawowa. Saboda wancan ne aka wajabta sa aidin cikin gishiri a Nijeriya a 1993, kuma ya yi amfani ƙwarai. Amma wancan maƙoƙo ba ya turo ido, wannan kuwa ƙarin gishiri ba ya maganinsa. Mai cutar Graves wuyansa yana iya kumbura kaɗan, yana iya ƙin kumbura sam.

YADDA AKE SARRAFA TA

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne cutar idon nan tana da lokacin tashi, tana da lokacin kwanciya. Takan yi wata 6 zuwa shekara 2 tana ci, sa'an nan ta lafa. Magani yana kama ta ne tun tana ci. In ta lafa, ɓarnar da ta yi ta zauna, ba mai gyara ta sai wuƙar likita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk watan da aka ɓata wajen boka, daga cikin watannin nan masu tsada aka cire shi.

Matakin fari shi ne gwajin jini, wanda ake kira TSH da 'yan'uwansa, don a ga yadda tayirod take aiki. In ta yi yawa, akwai ƙwaya mai suna kabimazol da ke rage mata zuga, akan sha ta wata 12 zuwa 18, ana maimaita gwaji ana daidaita adadi, domin in aka danne ta ta yi sanyi da yawa ido yakan ƙara lalacewa. Mai shan ƙwayar nan in ya ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ya tsaya da sha ya tafi asibiti ran nan a duba jininsa, kada ya ce mura ce. Mai ciki ko mai neman ciki ta gaya wa likita, gama akwai wadda ta fi dacewa da farkon ciki. In ƙwaya ba ta yi ba, akwai fiɗa, akwai kuma wani aidin mai tururin nukiliya da ake sha ya ƙone tayirod. Amma wannan na ƙarshe yana iya tsananta ciwon idon, saboda haka likita yakan yi hattara da shi ga wanda idonsa ya riga ya taɓu.

Mataki na biyu ba ya cin ko kwabo, sai ma ya bar maka kuɗi a aljihu, watau barin taba. Ba abin da masana suka fi tabbatarwa a kan wannan cuta kamar cewa mashayin taba ya fi wanda ba ya sha haɗarin ciwon idon ninki-ba-ninki, nasa ya fi muni, kuma magani ba ya kama shi sosai. Shisha ma taba ce. Maigidan da ke busa hayaƙi a ɗakin da matarsa mai ciwo take kwana, shi ma yana da hannu.

Na uku, kula da idon kansa. Akwai ruwan hawaye na kwalba da ake ɗigawa don kada ido ya bushe, da man shafawa na dare. A ɗaga matashin kai lokacin kwanciya. A sa baƙin tabarau saboda rana da ƙura, balle da hunturu. Mai tuya da mai dafuwa su kauce wa hayaƙin itace gwargwadon hali. In ido ba ya rufuwa cikin barci, likita zai nuna yadda za a liƙe fatar da dare. Ga mai ƙaramin ciwo kuma, wani bincike da aka yi a Turai aka buga a 2011 ya nuna shan sinadarin seleniyam na wata 6 yana taimakawa, amma an yi shi ne inda sinadarin ya yi ƙaranci a abinci, saboda haka sai da shawarar likita.

In ciwon ya yi ƙarfi, akan sa maganin kumburi mai suna sitiroyid ta jijiya, sau ɗaya a mako har mako 12, a asibiti, ana lura da hanta da sukari da hawan jini. In jijiyar gani ce ta matsu, ba a jira: a ba da magani mai ƙarfi nan take, in bai yi ba cikin mako ɗaya ko biyu a yi fiɗa a buɗe ƙashin gurbin don ido ya sami wuri. Bayan cuta ta lafa, akan gyara abin da ya rage daki-daki, ƙashi tukuna, sa'an nan tsokoki, kana fatar ido. Ba za mu ruɗe ku ba, ba kowane ido ne yake komawa yadda yake da ba. Amma gani yakan tsira, in an zo da wuri.

Ga alamu uku da ba a kwana da su. In gani ya fara dusashewa. In launi ya kode, watau ka rufe ido ɗaya ka dubi jan tumatir ko barkono, ka sake da ɗayan, ka ga jan bai zo ɗaya ba. In ido ya ƙi rufuwa, ko fari ya fito a kan baƙin. Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu ya rufe rumfa ya nemi likitan ido. Ya tafi da tsohon hotonsa, ko da na katin zaɓe ne, don likita ya ga yadda idon yake a da.

LAIFIN WA?

Barbara Bush, matar shugaban Amurka na lokacin, ta kamu da cutar nan a 1989, ta taɓa idonta, aka yi mata magani. Mijinta ma aka same shi da cutar Graves a 1991, yana kan mulki. Ba wanda ya ce musu mayu. Gail Devers, 'yar tseren Amurka, ta sha fama da ita, ta sami magani, ta je ta ci zinariya a gudun mita 100 a Basalona a 1992, ta sake ci a Atlanta a 1996. Cuta ɗaya ce da ta Iya mai shinkafa. Abin da ya raba su shi ne waɗancan sun tarar da likita kusa, ita kuwa boka ta tarar kusa.

A 2020 Amurka ta amince da wani sabon magani mai suna Tepezza, wanda ake sawa ta jijiya sau 8, yana mai da ido ciki, ko da yake yana iya taɓa ji da sukari. Kuɗinsa a can ya haura dala 300,000. A nan kuwa a 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000. Ba mu haukace ba da za mu ce Gwamnati ta saya wa kowa wannan. Abin da muke nema ƙarami ne: gwajin jini, da ƙwaya, da ma'aikacin da ya san alama, da takardar tura majinyaci gaba. Wannan ne aka kasa.

A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, a cikin gidanmu, suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Gwamnatin Tarayya, mai masaukin baƙi, ba ta taɓa cika shi ba, yawancin shekaru wajen kashi 5 take yawo. A 2014 aka yi dokar lafiya ta ƙasa, aka ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya don ƙananan asibitoci. A 2022 aka yi dokar inshorar lafiya, aka ce ta wajaba a kan kowa, har da asusu na musamman don marasa ƙarfi. Takardu ba su da laifi. Amma fiye da naira 70 cikin kowace 100 da ake kashewa a kan jinya a ƙasar nan daga aljihun majinyaci take fita. Tun da aka janye tallafin mai aka saki naira a 2023, kuɗin magani da kuɗin mota suka tashi tare. Akwai masana, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA a Kano, akwai asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da sauransu. Amma mutumin ƙauye wa zai gaya masa ya je, kuma da me zai je? Manyanmu in ido ya yi musu ƙaiƙayi sai jirgi. Dan kasuwa yana biyan kuɗin rumfa, da na shara, da na tebur, da rasit iri-iri, in ya kwanta ciwo kuwa sai a ce masa haƙuri.

Mun san abin da 'yan koren masu mulki za su ce. Za su ce mun mai da ciwo siyasa, kuma zazzaɓin sauro da haihuwa sun fi wannan kashe mutane. Gaskiya ne sun fi, ba mu musa ba. Amma ɗakin gwajin da zai auna tayirod shi ne zai auna jinin mai ciki, ma'aikacin da ya san wannan alama shi ne zai san waccan. Bugu da ƙari, tayirod mai zafi in ba a kula da ita ba tana gajiyar da zuciya, tana zubar da ciki, saboda haka maganar haihuwa ce ita ma. Batun siyasa kuwa, wanda ya karɓi haraji ya yi rantsuwa zai kula da lafiyar jama'a, shi ya fara sa ciwo cikin siyasa, mu tuni kawai muke yi masa.

IN ƁERA DA SATA, DADDAWA MA DA WARI

Yanzu sai mu juyo kanmu, kada a ce gefe ɗaya muke gani. Waɗanda suka kira Iya mayya ba ministoci ba ne, maƙwabtanta ne na kasuwa, wasunsu da katin jam'iyyarmu a aljihu. Wanda ya sayar mata da ɗigon ido mai sitiroyid ba tare da takardar likita ba, ɗan kasuwa ne. Irin wannan ɗigo yana kwantar da ja na kwana biyu, amma in aka daɗe ana sa shi yana kawo hawan jinin ido da yana, in kuma akwai gyambo a ido ya ƙara cinye shi. Haka masu tallan garin magani da ruwan ganye na ɗurawa a ido. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, amma mu duba teburanmu. Mun san wannan magana ba za ta yi wa wasu 'yan'uwa daɗi ba, gama abincinsu ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Jam'iyyar da ke neman a daina cutar talaka ba za ta rufe ido ba don mai cutar talaka ne shi ma.

ABIN DA MUKE NEMA

Na ɗaya, a sa gwajin tayirod a kowane babban asibitin ƙaramar hukuma, a kan kuɗin da talaka zai iya.

Na biyu, kabimazol da ruwan hawaye su kasance cikin kantin maganin asibitocin Gwamnati kullum, kuma inshora ta ɗauke su.

Na uku, a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci da ungozomomi alamun nan, su daina ba mai ramewa da bugun zuciya maganin zazzaɓi da taifot kawai su sallame shi.

Na huɗu, a shigar da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu cikin inshorar lafiya ta hannun ƙungiyoyinsu, a bayyane, ba ta hannun ɗan siyasar unguwa ba.

Na biyar, hukumomin magani su hana sayar da ɗigon ido mai sitiroyid sai da takardar likita, su kuma tsawata wa masu lasifika.

Mu kuma namu aikin ga shi. Kowane reshe ya karanta wannan takarda a taronsa na gaba, reshen mata musamman. Wanda ya san mai irin wannan ido a layinsa, kada ya nuna shi da baki, ya kama hannunsa ya kawo shi ofis, za mu rubuta masa takarda mu haɗa shi da wanda ya san hanyar asibiti. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a, ko namu ne, a tambaye shi abubuwan nan biyar tun kafin ya buɗe jakar atamfa da sabulu.

Iya tana shan maganinta yanzu, hannu ya daina rawa, jiki ya fara dawowa, idon dama ya tsira. Na hagu kuwa likita ya ce a jira a gani. Ta koma bakin kasuwa da jarin da 'yan reshe suka tara mata. Wanda duk ya taɓa faɗin kalmar nan a kanta, ya san wurin tukunyarta. Ya je ya sayi kwano guda, ya ci a gabanta, ya nemi gafara.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba talaka sawaba. Amin.

Daga Akawun Jam'iyya